Ranar da Uwar Miji Ta Zuba Shayi

Da tsoron da ke taso mata haka kawai ya sake shaƙe amarya, har butar shayi ta suɓuce mata gaban baƙi, ta ɗauka gidansu uwar mijinta za ta mayar da ita. Sai ga su a birnin Samarkand, gaban likitan ƙwaƙwalwa.

Tsohuwar ta tsare shi. "Likita, ƙwayar nan da ka rubuta mata tana hana haihuwa? In ta fara, za ta iya dainawa?"

"Ba ta hanawa, Inna. A hankali za mu janye ta."

A gida amarya ta kai hannu ga buta, aikinta na kullum. Tsohuwar ta riga ta, ta zuba mata.

"Sha, 'yata. Ni ma a da bayan tanderu nake ɓuya har abin ya sake ni. Ke kam ba za ki ɓuya ba."