Tukwanen da Suka Koma Laka

Zauna nan kusa, 'yar'uwa, ki ji wani misali. A wani gari na bakin gulbi akwai wata mata mai ginin tukwane. Hannunta ya faɗa, har ta zama ita ce babba a cikin magina. Al'adarsu kuwa mace ba ta gashi ita kaɗai. Kowa za ta kawo ɗanyun tukwanenta, a jera a rami ɗaya can gangare inda ake haƙar yumɓu, a lulluɓe da kara da kashin shanu, babbar ce kuma mai cewa yau za a sa wuta. Ana nan sai ma'aikata suka kafa wata na'ura a jikin gada, can nesa ta inda ruwa ke gangarowa. Da zarar gulbi ya fara kumbura sai ta aiko saƙo a wayar mai unguwa, shi kuma ya sa a yi shela a lasifikar masallaci. Da aka yi shelar farko, matar nan ta sa aka kwashe tukwane zuwa tudu a guje. Ɗanyar tukunya ba ta son ɗauka, randa mai kyau sai ki ga bakinta ya ɓalle a hannu. Ruwan kuma ya zo ya leƙa gefen rami ya koma abinsa. Abin ya tsaya mata a rai. Ta ce ƙarfe ya yi wasa da furfurarta.

Damina ta ja baya, suka sake gini, aikin makonni da dama. Har da wata gwauruwa da ta ƙwallafa rai a kan randunanta, don da su za ta ciyar da marayu har kaka. An gama jeri da hantsi ke nan sai lasifika ta ɗauka: a bar gangare, ruwa na tafe. Mata suka zuba wa babbar ido. Ita kuma ta ɗaga kai, sama garau, ko gajimare babu. Ta duba ƙasa, tururuwa ba ta kwasar ƙwai. Duk alamun da ta gada wajen uwarta babu ko ɗaya. Gwauruwar ta ce a hankali, “Yaya, ko mu kwashe?” Ta ce, “Ruwa ba hadari? Ku miƙo min wuta.” Allah sarki, ba ta tuna ba, ruwan da aka yi a wata ƙasa ba ya neman izinin samanki. Hayaƙi bai gama tashi ba suka ji gulbi na ruri, ja wur, ɗauke da itace. Da ƙyar suka tsira da zannuwan jikinsu. Suna tsaye a tudu suna kallo, wuta ta mutu, randa da tulu da kasko suka narke, kowace ta koma lakar da aka ɗebo ta.

Da a ce an zage ta, da ta fi samun sauƙi. Babu wadda ta ce mata uffan. Gwauruwar ma ita ta riƙa gaishe ta, “Sannu Yaya, haka Allah ya so,” sa'an nan ta shiga yi wa mutane surfe. Kullum matar nan ta ji ƙarar taɓaryar daga bayan katanga sai ta ajiye yumɓu, hannu ya ƙi aiki. Shi ya sa masu magana suka ce, wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.