Sunan Da Ke Jikin Ƙunshin

Ranar da Delphine ta fara ganin Ansel, hana ta izinin buɗe wani fayil ya yi. Sabuwar ma'aikaciya ce a wani ƙaramin kamfani a Halifax mai rubuta manhajar sikelin jiragen kamun kifi, shi kuma mai tsaron kwamfutocin kamfanin ne. Ko kallonta bai yi ba. "Fayil ɗin ba naki ba ne," ya ce.

Yanzu ga shi tsaye a bayanta, kofinsa ya huce a hannu.

Tun kaka take fama da mayar da manhajar kan sabon tsarin kwamfuta, tana ƙin yin aiki. Da ta gaji, ta yi tambaya a wani dandalin masu rubuta manhaja, da ɓoyayyen suna. Wani da bai faɗi nasa ba ya turo mata ƙunshin fayilolin gyara, daidai da matsalar kamar yana ganin allonta. Ta riƙa jiran saƙonninsa fiye da yadda aikin ke buƙata.

Dokar kamfanin ba ta da sassauci: wanda ya shigo da aikin bare, kora. Mai tsaro ma an hana shi taɓa aikin da yake bincika. Maganar ƙunshin ta kai kunnen shugaba, ta turo Ansel ya bincika.

A tsohon tsarin, duk ƙunshin da Delphine ta kwance da sunanta fayilolinsa suke fitowa. Sabon kuwa da cikakken iko yake kwancewa, ya bar kowane fayil da sunan wanda ya ɗaure shi.

"Ba sai mun buɗe ƙunshin ba," in ji Ansel. "Zan ce ban ga komai ba."

"Kai? Kai da ko biro ba ka bayarwa aro?"

"Delphine, bar shi."

Tarko ne, ta raya a ranta. In ta yarda, ta amsa laifi ke nan. Gara ta faɗi da hannunta, ko ba komai za ta san sunan mutumin.

Ta danna. Layuka suka zubo, suka tsaya. Ta karanta, ta sake karantawa. A bayanta Ansel ya ajiye kofin.

Ta juyo a hankali.

"Ba wanda zai ji daga bakina," ta ce. "Na yi maka alkawari."

A gefen kowane fayil, daga sama har ƙasa, suna ɗaya ne: ansel.