Kwalbar Ruwan Dandamisa

Da hannunsa Sama'ila ya zura guga a rijiyar Dandamisa, ya cika kwalbar nan mai duhu da ba a ganin cikinta, ya toshe bakinta. Ruwan jawur yake da laka. Sai ya sa aka jibga ƙaya a bakin rijiyar, ya ce kada wanda ya sake sha sai sakamako ya zo daga Kaduna.

Shekara huɗu ke nan da samun 'yancin kai, shi kuwa shekararsa biyu yana duba-gari a Makarfi. Ɗan Dandamisa ne, kuma abin da ya ɓata masa aiki ke nan. Mutanen da suka ga lokacin da kake yawo ba wando ba sa saurin yarda cewa ka san abin da ke cikin ruwansu.

Yara ne ke ta amai da gudawa, biyu har sun rasu. Taku ashirin daga rijiyar akwai rumfar da wani Uwaisu ke ajiye maganin kashe kaskar shanu, kuma a nan yake ɗauraye garewaninsa. Sama'ila bai yi dogon karatu ba, amma yana da ido.

Ranar Juma'a ce, farkon damina, ruwa bai fi sau biyu da sauka ba. Ya ajiye kwalbar a ɗakin mahaifiyarsa, Inna Zulai, ya tafi masallaci. Da ya dawo ya tarar ta naɗe masa ita a sabon ƙyalle, ta haɗa da ƙullin ƙuli-ƙuli, tana ta gaya wa maƙwabta cewa saƙon autanta zai shiga hannun manya. Ya hau keke zuwa Makarfi, ya ɗiga wa kwalbar jan danƙo, ya buga hatimi, ya sa ta a mota.

Mako uku mata suna tafiya har fadama ɗiban ruwa, kowace da irin zagin da take yi masa a hanya. Da takarda ta iso, layi biyu ne kacal: an gwada, babu guba, ruwa ne mai kyau.

Gaban dagaci aka karanta. Uwaisu ya yi dariya har da riƙe ciki. Sama'ila da kansa ya janye ƙayar, tana sukarsa, jama'a na kallo.

Kwana goma sha ɗaya bayan haka Hussaina ta rasu, 'yar wansa Ya'u, mai shekara biyar, wadda ke tarbarsa a bakin gari don ya ɗora ta a keke. A wurin zaman makoki Ya'u ko kallonsa bai yi ba. Da ya zage shi ma da ya fi sauƙi.

Wannan karon bai aika kowa ba. Ya sake toshe rijiyar, ya ɗebi ruwa, daga nan bai tsaya ko'ina ba sai ɗakin gwaji a Kaduna, zuciyarsa na tafasa. Ya riga ya shirya maganganun da zai gaya wa malalatan da ke cin albashi suna kashe 'ya'yan talakawa.

Malam Lawal, mai gwajin, ya karɓi kwalbar daga hannunsa. Ya zuba ruwan a wata 'yar kwalba, ya ƙara sinadarai, ya ɗora farar takarda a bakinta. Ruwan ya fara ɓulɓula. Kafin rabin sa'a takardar ta yi ruwan ɗorawa, sannan ta rine ta yi duhu.

"Guba ce, irin ta maganin kaska," in ji Malam Lawal. "Mai yawa kuwa."

Ya ɗauko ragowar kwalbar farko, hatimin Sama'ila na nan a wuyanta, ya maimaita gwajin a gabansa. Takarda ta tsaya fara sol.

"Malam Sama'ila, waɗannan biyun ba daga wuri ɗaya suka fito ba. Duk ruwan da ya kwanta a ƙasa yana ɗauke da gishirin ƙasar. Na farkon nan kusan babu komai a cikinsa. In ka tambaye ni, ruwan sama ne."

Ashe musanya aka yi. Duk tsawon hanyar komawa sunan mutum ɗaya ke bakinsa. Uwaisu na da abokai cikin direbobi, yana da na goro, yana kuma da dalili. Yadda ya buɗe hatimi ya mayar, wannan alƙali ne zai tatso daga bakinsa.

Ya iso gida da la'asar ya tarar da Inna Zulai tana kaɗi a inuwa. Ta rame tun rasuwar jikarta, don ita ta raine ta. Bai so ya ƙara mata nauyi da dogon bayani ba, sai kawai ya ce gobe zai ɗebi ruwan rijiya a kwalba ta uku, wadda za a kai gaban alƙali.

Fuskarta ta ɗan saki, karo na farko a kwanakin nan.

"To Auta, in ka ɗebo ka biyo da ita ta nan tukuna. Kai ba ka da lura. Wancan da ka kawo ran Juma'a duk laka ne, ko akuya sai ta yi tunani kafin ta sha. Ina zan bari ɗana ya kai wa manyan Kaduna wannan ƙazanta, a ce daga gidanmu ta fito? Zubarwa na yi, na wanke kwalbar tas, na cika maka da wanda na tara a randata."