Mai Feshin Dusuman

Tankin feshin yana yoyo tun bara. Duk sanda Ajimi ya goya shi, maganin ciyawa sai ya bi gadon bayansa ya jiƙa masa riga har ƙugu.

Tun da rikici ya kore su daga ƙauye, a wannan gonar shinkafa ta Dusuman yake feshi. Ɗakin da yake kwana da matarsa Kellu da 'ya'yansu ma na gonar ne. Mai gonar kuwa bai taɓa ganinsa ba. An ce a unguwar GRA yake, aiki ba ya barinsa fitowa. Mikail manaja shi ne bakinsa.

Ajimi ya roƙi safar hannu da takunkumi. Mikail ya ce oga ya ce a jira kaka. Kaka ta zo ta wuce.

Sai jiki ya fara sauyawa. Tumbi ya fito alhali cin bai ƙaru ba. Mutane suna yi masa barka da hutu, shi kuwa ko tashi daga sujada sai ya dafa bango. Da ciwon gefen ciki ya hana shi sunkuyawa, Kellu ta ja shi wani asibiti a cikin gari.

Likita Tahir bai ɗago kai daga kwamfutarsa ba.

"Kitse ya lulluɓe maka hanta, ya cika jini. Wane aiki kake yi?"

"Feshi, ranka ya daɗe."

"Na shinkafa ko? Yanzu ne lokacinsa. Wannan maganin yana iya rikita yadda jiki ke sarrafa kitse. Ba su ba ka kayan kariya ba?" Ya yi tsaki. "Rashin imani! Ka bar aikin, ko ka gaya wa mai gonar likita ya ce kashe ka yake yi."

Bari? Ya bari su kwana ina? Washegari ya sake goya tankin.

Amma maganar ta zauna masa. Yana feshi yana maimaita ta, har ya haddace.

Ranar wata Asabar Mikail ya zo da sauri, ya ce oga na hanya. Ajimi ya tsaya bakin kunyar gona, riga jiƙe. Yau zai faɗa, ko da za a watso musu kaya waje.

Farar mota ta tsaya. Mai gonar ya fito yana toshe hanci da hankici, ya dubi Ajimi sama da ƙasa, ya yi dariya.

"Mikail, ka ce suna kukan wahala? Dubi tumbin wannan!"

Ajimi ya buɗe baki, ya rufe. Ashe Likita Tahir ne mai gonar, bai ma gane shi ba.