Wanda Ya Haɗa Mutum-mutumin Ɗan Gayu

"A buɗe shi!" na ce wa alƙalin gasar makarantu. "Wallahi ba shi ya haɗa wannan mutum-mutumin ba."

Wata huɗu na yi ina ƙona yatsu da dalma kafin nawa ya iya ɗaukar ƙwallo ya jefa a kwando. Sai ga wanda muke kira Ɗan Gayu ya zo na ɗaya, yaron da ko inda ake sa batir bai sani ba.

Baba ya jawo gefen hijabina. "Auta, ki bari. Na biyu ma abin godiya ne. Mu tafi gida."

Na fizge. Haƙurin nan nasa ya ishe ni.

Alƙalin ya kwance murfin, ya nuna wani ɗan allo kore. "Mene ne aikin wannan?"

Ɗan Gayu ya sosa ƙeya. "Shi ne... na ciki."

Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni kuwa ƙyama ce ta turnuƙe ni. Uwarsa ta miƙe tana gyara mayafi, ko kunya babu.

"To sai me? Mai gyaran rediyo na ba wa ya haɗa masa. Har rantsuwa ya yi min sai ya kayar da na kowa."

"Kira mana shi," in ji alƙalin.

Ta danna lambar.

Sai waya ta fara ruri a aljihun Baba, mutumin da ya ƙi ɗaura min ko noti ɗaya, wai hakan ha'inci ne.