Koren Haske a Idon Jan Kare

Karo na uku ke nan a mako guda Lukuman yana wanke ƙafar wandonsa a famfon masallacin kasuwar Katako, yana jan tsaki. Kare ne ya sake goga masa hanci.

Wata biyu da suka wuce ya sayi keken a wurin wani mai gyara. Tsohon keke ne mai nauyi, da guntun buhu ɗaure a mazaunin baya, da wata ƙara, ƙiƙi-ƙiƙi, wadda ta gagari kowane irin mai. Da shi yake zuwa aikinsa na tsaga katako daga unguwar Jos Jarawa. Gajeriyar hanyar ta bi ta gefen wani tsohon ramin kuza da aka mayar bola, inda karnuka biyar marasa iyayengiji suka kafa sansani. A bara sun yaga cinyar wani mai kai burodi, har yau mutumin yana ɗingishi. Lukuman kuwa a tsaye yake yini a gaban inji. In ƙafa ta tafi, abincin gidansa ya tafi.

Amma ba biyar ɗin ne suka fi ci masa rai ba. Wani na shida ne, ja, tsoho, wuyansa duk tabo. Ko ina yake, da ya ji ƙiƙi-ƙiƙi sai ya fito a guje, ya manne wa keken ta hagu, ta ɓangaren bola, yana haki, yana miƙo baki wajen ƙafarsa. Sauran sai dai su tsaya daga nesa suna gurnani. Lukuman, wanda tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa zama gida ɗaya da kare ba, ya gane komai nan take: wannan ne shugabansu, shi ake turowa gaba.

Ya gwada dutse, ya gwada sanda. Washegari karen na nan.

A kasuwar Taminus ya samu magani, wurin wata mai sayar da tocila da cajar waya, sunanta Ugochi. Wani ɗan abu ne kamar biro, mai fitar da koren haske siriri. Lesa ake ce masa.

"Oga, a ƙasa za ka haska, gaban kare," in ji ta. "Zai tsorata ya koma. Ban da ido fa, abin nan yana ƙona ido."

Lukuman ya gyaɗa kai. Maganarta ta ƙarshe ce kaɗai ta zauna masa.

Da safe, cikin sanyin nan mai sandarar da yatsu, jan karen ya fito kamar kullum. Lukuman ya sassauta gudu, ya kafa ƙafa ɗaya a ƙasa. Karen ma ya tsaya, ya ɗaga kai yana kallonsa, wutsiya na kaɗawa. Ko wahalar saiti bai ba shi ba. Lukuman ya danna, ya riƙe, yana ƙirgawa a zuci har goma. Karen ya saki wani siririn kuka, ya shiga murza fuska a ƙasa. Gaskiya ita ce, Lukuman ya ji daɗi har cikin ransa.

Bayan kwana biyu sai ga karen ya dawo, idon dama ya yi fari, yana gudu a karkace, amma dai a hagun keken. Wannan taurin kai ya ƙona wa Lukuman rai. Ya sake tsayawa, karen ya sake ɗaga kai. Wannan karon idon hagu ya haska, har ashirin ya ƙirga.

A wurin aiki ya ba da labarin sau huɗu, yana kwaikwayon yadda karen ke karo da duwatsu. Wasu suka yi dariya, wasu suka ci gaba da ɗaukar katako.

Ranar Litinin ya hau hanya yana fito da baki. Babu jan kare. Ya kai tsakiyar bolar ke nan sai biyar ɗin suka taso gaba ɗaya, ba haushi, ba gargaɗi. Ya zaro lesar, ɗigon kore ya yi ta rawa a jikinsu, ko a kwalarsu. Ɗaya ya cafke masa agara, keken ya kife, sauran suka rufar masa.

Magadaliya ce ta cece shi, wata dattijuwa mai gasa masara a bakin titi. Da icen wuta ta kore su. Ta yage gefen zaninta tana ɗaure masa ƙafar, amma da ta ga yadda jijiyar ta tsinke sai ta kawar da kai. Shi ma ya gani.

Keken na kwance, tayar baya na juyawa, ƙiƙi-ƙiƙi. Can sai ga jan karen ya fito daga bayan wani dutse, idanu biyu fari fat, yana tuntuɓe, yana bin ƙarar da kunne.

"Mama, ga shi nan," in ji Lukuman. "Ki kashe shi. Shi ne shugabansu."

Karen ya wuce shi, ya shinshina guntun buhun, ya kwanta a hagun keken, ya juya makafin idanunsa wajen bola yana gurnani. Magadaliya ta ƙare wa keken kallo, sannan ta juyo gare shi.

"Wane shugaba? Wannan ai keken marigayi Baba Datong ne. Shekara takwas karen nan yana raka shi ta hanyar nan, yana tare masa waɗancan, kai ma su yake tare maka."