Ganimar Alhamis

Ramla tana shanya kayan makarantar 'yarta Ummi, zoben azurfar da ke yatsarta ya sake zamewa. Mijinta Yusuf ne ya kawo mata shi shekaranjiya Alhamis. Ya yi mata yawa, duk da zaren da ta naɗa masa. Ta sunkuya ɗaukarsa a ƙarƙashin tagar ɗakin maigidan, sai ta ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana magana a waya.

"Shidda muka kwantar, ni na ƙirga. Tsohon nan ne ma ya ba ni tausayi, sai salati yake yi. Ganima gida ukku za a raba ta. Ka riƙe gatarin, zoben na riga na ɗauka."

Ramla ta kasa miƙewa. Ta durƙusa a wurin, jiƙaƙƙiyar riga tana ɗiga a cinyarta.

Yusuf mai gyaran waya ne a Babbar Kasuwa. Tun bara ya fara fita kasuwannin ƙauye duk Alhamis, wai can aka fi samun ciniki. Jiya Juma'a kuwa rediyo ya ba da labarin motar 'yan kasuwa da 'yan bindiga suka tare ranar Alhamis a hanyar wani ƙauye. Mutum shida aka kashe.

Ta lallaɓa ta koma kicin, ta ɗora tukunyar da babu komai a cikinta. Shekara goma sha ɗaya suna tare. Mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa, sai dai ya kai wa maƙwabci. Ta yi ta nanata wa kanta haka. In ta yi shiru, jinin mutum shida yana wuyanta. In ta yi magana, mutanen unguwa ba za su jira hukuma ba, kuma Ummi za ta tashi da sunan 'yar ɗan ta'adda.

Bayan sallar azahar ta aika wa yayanta Ɗanladi saƙo. Shi ne shugaban 'yan sintirin unguwarsu ta Gobarau. Ta ce ya zo shi kaɗai, kada ya gaya wa kowa.

Ya iso kafin la'asar, da gora a hannu. A zaure ta faɗa masa abin da ta ji a taƙaice: mutum shida, ganima, gatari da zobe. Fuskarsa ta sauya. Ya shiga tsakar gida ba doguwar gaisuwa, ya kira Yusuf.

Yusuf ya saurari maganar har ƙarshe. Ya dubi matarsa, ya dubi gorar. Sai ya fashe da dariya, har da dafa bango.

"Haba Yaya! Maman Ummi, ashe ke ma kin fara laɓe? Ku zo ku ga waɗanda na kashe."

Ya buɗe wayarsa. Wasa ne. Wani jarumi mai sulke yana tsaye a bakin kogo, cikin kogon kuwa dodanni ne masu koren fata da haure irin na gyado. Yusuf ya ce shi da abokansa biyu suke yi, kowa daga gidansa, suna magana ta cikin wasan. In aka kashe dodo, sai akwatinsa ya buɗe, a kwashe abin da ke ciki. Ya nuna musu jakar jaruminsa: tsabar zinare, garkuwa, ƙahon busa, da wani zobe mai ƙyalli.

"Ga zoben da ya hana ƙanwarka sukuni. Nata kuwa a kasuwa na saya."

Ɗanladi ya jingine gorarsa, ya yi dogon tsaki.

"Kai dai ka ji kunya wallahi. Ƙato da kai, da gemu, kana faɗa da dodannin waya! Ke kuma Ramla, saura kaɗan ki sa in fasa kan surukina a banza."

Ramla ta rufe fuska da mayafi, tana dariya tana hawaye. Ta ba yayanta haƙuri, ta raka shi har ƙofa. Ya hau babur ɗinsa ya tafi yana girgiza kai. Ta sa sakata.

Da ta dawo, Yusuf ya miƙa mata wayar, murmushi bai bar fuskarsa ba.

"Gwada ki gani, ko tsoron ya sake ki. Bari in watsa ruwa."

Ta zauna a kan turmi. Ita ba mai barin abu rabi ba ce, don haka ta bi kogon daki-daki. Dodo na farko ya taso da gatari, ta danna, ya faɗi. Na biyu ma haka. Tana jin ƙarar ruwa daga banɗaki, tana jin ƙirjinta yana saki a hankali.

A ƙarshen kogon ta tarar da babbansu, tsoho mai farin gemu. Ta tuna shi ne wanda ya ba Yusuf tausayi. Ta ƙara sautin wayar har ƙarshe, ta kara ta a kunne, sannan ta danna.

Ta koma farkon kogon, ta sake kashe su ɗaya bayan ɗaya, tana saurare. Zoben ya zame ya faɗi ƙasa, ba ta ɗauka ba. Ƙarar ruwan ta tsaya.

Dodannin gurnani kawai suke yi, babu ko ɗaya a cikinsu da ya iya salati.